Ɗana zai cika shekara 18, kakarsa tana son ba shi kuɗi: zai rasa tallafin gwamnati?

Tambaya: Muna zaune a Amurka, kuma a nan aka haifi ɗana. Yana da lalurar da ta shafi ƙwaƙwalwarsa tun yana jariri, watanni kaɗan suka rage ya cika shekara 18. Mun taɓa nema masa tallafin masu buƙata ta musamman yana ƙarami, aka ce albashinmu ya yi yawa. Yanzu mahaifiyata tana so ta ba shi dala 15,000 da ta daɗe tana tara masa, shi kuma yana marmarin fara ɗan aiki. Wani ya ce mini ko kuɗin ko aikin zai iya sa a hana shi tallafi. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka wa Hajiya da alheri. Wanda ya gaya miki wannan magana ya yi gaskiya a kan kuɗin, amma a kan aikin ya tsorata ki fiye da kima. Kafin komai, ki roƙi Hajiya ta riƙe kuɗinta tukuna. Kada ta miƙa masa a hannu, kada ta zuba a asusun banki mai sunansa, kada kuma ta buɗe asusun haɗin gwiwa da shi. Akwai hanyar da kuɗin za su isa gare shi lafiya lau, zan zo kanta, amma sai kin fara gane irin tallafin da muke magana a kai.

Tallafin da ɗanki zai nema sunansa SSI. Majalisar dokokin Amurka ta kafa shi a 1972 zamanin Shugaba Nixon, aka fara biya a watan Janairun 1974, kuma Hukumar Social Security ce ke tafiyar da shi. Sama da mutum miliyan 7 ne ke karɓa. An yi shi ne domin tsofaffi da makafi da masu naƙasa waɗanda ba su da abin hannu, don haka sharaɗinsa biyu ne: lalura da rashi. Ya bambanta da SSDI, wanda shi inshora ne na mutumin da ya yi aiki ya biya haraji sannan lalura ta same shi. Mai karɓar SSDI ko gidaje goma yake da su ba wanda zai tambaye shi. Mai karɓar SSI kuwa, kowace dala da ta shigo hannunsa ana ƙirga ta.

Dalilin da ya sa aka hana ku a baya shi ne, muddin yaro bai kai 18 ba kuma yana gidan iyayensa, ana ɗaukar wani kaso na albashinsu da ajiyarsu tamkar nasa ne. Da zarar ya cika 18 wannan lissafi ya faɗi. Daga nan abin da ya mallaka da kansa kawai za a duba, ko da yana kwana a ɗakin da ya saba. Saboda haka ƙofar da aka rufe muku a da tana gab da buɗewa, ku sake nema. Sai dai ma'aunin lalurar ma zai canza zuwa na manya: dole a nuna da shaidar likita cewa lalurar ta hana shi aikin da zai riƙe kansa da shi, kuma ta kai wata 12 ko ana sa ran za ta kai. Ki fara tattara takardun asibiti, da rahotannin makaranta, da sakamakon duk wani gwaji da aka taɓa yi masa. Wurin cike takarda kuma, ki rubuta ranarsa mafi wuya. Mu iyaye mun saba yabon 'ya'yanmu, a tambaye ki ko yana iya wanka da kansa ki ce ƙwarai, ki manta cewa sai kin tuna masa sau uku, kin haɗa ruwan, kin tsaya a bakin ƙofa. Wanda zai yanke hukunci bai taɓa ganin yaron ba, abin da kika rubuta shi ne idonsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mai karɓar SSI ba a yarda dukiyarsa ta wuce dala 2,000 ba. Ma'aurata kuma dala 3,000. Ana duba wannan ne a farkon ranar ɗaya ga kowane wata; in ya haura ko da dala ɗaya, ba shi da haƙƙin kuɗin wannan watan gaba ɗaya. Ba a ƙirga gidan da yake ciki, da mota ɗaya, da kayan ɗaki, da ajiyar jana'iza har dala 1,500. Amma tsabar kuɗi, da asusun banki, da hannun jari, da fili ko gidan da ba ya zaune a ciki, duk suna cikin lissafi, ko da filin a wata ƙasa yake.

Wannan iyaka ta dala 2,000 tun 1989 take nan, ba a ƙara ko sisi ba. Lokacin da aka rubuta dokar a 1972 dala 1,500 ce, wadda da an bar ta tana bin tsadar rayuwa da yau ta haura dala 10,000. Ni a ganina wannan zalunci ne da aka lulluɓe da takarda. Kowane ɗan Adam ana koya masa tanadi, a ce ya ajiye don ranar da mota za ta lalace ko mai gida ya ba shi notis. Mai buƙata ta musamman kaɗai aka ce in ya yi tanadi za a hukunta shi, alhali shi ne rayuwa ta fi yi wa tsada: keken guragu, na'urar ji, motar da aka gyara domin shi, mai kula da shi. An sha kai ƙudurin ɗaga iyakar gaban majalisa, 'yan jam'iyyun biyu suna goyon baya, amma maganar sai ta tsaya a hanya.

Na taɓa zama da wata uwa da ta zo da wasiƙa a ninke cikin jakarta, ta buɗe ta shimfiɗa a kan tebur tana danne gefenta da tafin hannu saboda ta sha ninki. Kakan yarinyarta ne ya buɗe mata asusun ajiya tun tana jaririya, yana zuba abin da ya sauƙaƙa duk ranar haihuwarta. Tsohon ya rasu, ba wanda ya tuna da asusun. Da aka zo bita aka gano shi, sai aka ƙirga duk watannin da kuɗin suka haura iyaka, aka ce duk abin da aka biya yarinyar a watannin nan bashi ne a kanta. Bashin ya ninka abin da ke cikin asusun. Abin da matar take ta maimaitawa shi ne, "Alheri fa ya yi mata." Haka ne, alheri ya yi, kuma shi ya sa nake gudar wa Hajiya irin wannan.

Kada ki ɗauka ɗan kuɗin wata-wata kawai ake karewa. A 2025 cikakken SSI na mutum ɗaya dala 967 ne a wata, wasu jihohi suna ɗan ƙarawa. Babban abin shi ne Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati, wadda a yawancin jihohi take zuwa kai tsaye tare da SSI. Medicaid ce ke biyan abubuwan da inshorar 'yan kasuwa ba ta cika taɓawa ba: mai zuwa gida ya taimaka masa, cibiyar da zai riƙa wuni, mai koya masa aiki, gidan da zai zauna a ƙarƙashin kulawa ranar da ƙarfinku ya ƙare. Kuɗin waɗannan a shekara ɗaya kan ninka kyautar Hajiya sau da yawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kuma tunda maganar ta zo, ki sa sunansa yau a layin jiran shirin kulawa a gida na jiharku, domin a jihohi da dama jiran na shekaru ne.

Yanzu hanyar da kuɗin za su bi. Mafi sauƙi ita ce asusun ABLE. Doka ce da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Disamban 2014, ta ba wanda lalurarsa ta fara kafin shekara 26 damar buɗe asusun ajiya na musamman, kuma daga 1 ga Janairun 2026 aka ɗaga shekarun zuwa 46. Ɗanki ya cancanta tunda tasa tun jarirantaka ce. Dala 100,000 na farko a cikin asusun ba a ƙirga su a lissafin SSI. In ma ya haura haka, dakatar da kuɗin wata-wata ake yi, Medicaid ba ta yankewa. Akwai iyakar abin da za a zuba a shekara daga kowa da kowa a haɗe, wanda a 2025 dala 19,000 ne, don haka dala 15,000 ɗin Hajiya za su shiga a zubi ɗaya. Sharaɗin shi ne ta zuba kai tsaye daga asusunta zuwa na ABLE, kada su biya ta hannunsa. Ana kashe su a kan karatu, lafiya, sufuri, kayan aiki, haya da sauran buƙatun rayuwarsa. In an cire don biyan haya, a biya a cikin watan da aka cire. Jihohi ne ke tafiyar da asusun, ana buɗewa ta intanet, kuma da yawansu suna karɓar mazauna wata jiha.

Abin da na fi so game da ABLE shi ne asusun nasa ne. Yaron da ya girma yana ganin komai sai an riƙe masa, ranar da ya ciro kati ya biya wa kansa takalmi, fuskarsa takan canza. Aibinsa ɗaya: bayan rasuwar mai asusun, jiha na iya neman a biya ta abin da Medicaid ta kashe masa daga abin da ya rage, ko da yake wasu jihohin sun yafe wannan.

Hanya ta biyu ita ce asusun amana na masu buƙata ta musamman, wanda lauya ke rubutawa. A nan dukiyar ba a hannun yaron take ba, wani amintacce ne ke riƙe da ita yana kashewa don amfaninsa. Iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. In kuɗin wani ne aka zuba, kamar naku ko na Hajiya, babu iyakar adadi, kuma bayan ransa abin da ya rage ya koma ga 'yan'uwansa ko duk wanda kuka rubuta, gwamnati ba ta da kaso. In kuwa kuɗin sun riga sun zama nasa, kamar diyyar haɗari ko gadon da ya faɗo masa da sunansa, to sai dai ɗaya nau'in, wanda dokar 1993 ta tanada ga 'yan ƙasa da shekara 65, kuma shi dole ne bayan rasuwarsa a fara biyan Medicaid. Kin ga ke nan kuɗi ɗaya ne, amma ko sun taɓa hannunsa ko ba su taɓa ba shi ke raba makomarsu. Don dala 15,000 ba sai kun ɗauki lauya ba, ABLE ya wadatar. Amma ke da mahaifinsa, in kuna da gida ko inshorar rai ko kuɗin fansho, ku zauna da lauyan da ya ƙware a wannan fanni. Ku duba takardun da kuka cike a wurin aiki inda aka tambayi wanda zai karɓi kuɗinku bayan ranku. Iyaye da yawa sun rubuta sunan yaron shekaru goma sha da suka wuce sun manta. Sunan asusun amanar ya kamata ya kasance a wurin.

Kada kuma wani ya ba ku shawarar cewa in kuɗi sun faɗo masa sai kawai ya kyautar da su ko ya ce ya yafe gadon. Ana ɗaukar wannan a matsayin ɓatar da dukiya da gangan, kuma ana iya hana shi tallafi har tsawon wata 36.

Mu koma kan aiki, inda nake so hankalinki ya kwanta. A lokacin neman tallafin da farko, in yana samun sama da dala 1,620 a wata, bisa adadin 2025, za a ce ai yana iya riƙe kansa, a ƙi shi. Amma da zarar ya shiga, lissafin ya zama na ragi a hankali. Ana yafe dala 20 na farko daga kowane irin kuɗin shiga, a yafe dala 65 daga albashi, sannan a raba sauran biyu a cire rabi daga tallafin. Mu ce ya samu aikin jera kaya, albashinsa dala 885 a wata. A cire 85, saura 800. Rabinsa 400. A cire 400 daga 967, tallafinsa ya koma 567. Haɗa da albashinsa, yana da dala 1,452 a wata, maimakon 967 da yake zaune a gida. Ya ci riba, ya kuma samu abokai da dalilin tashi da safe. In ɗalibi ne da bai kai shekara 22 ba, akwai ƙarin rangwame mai yawa a kan albashinsa. Abin da yake kashewa saboda lalurarsa don ya iya aikin, kamar sufuri na musamman, shi ma ana iya cire shi daga lissafi. Ko albashin ya yi yawan da tallafin ya koma sifili, wani sashe na dokar mai lamba 1619(b) yana bar masa Medicaid har zuwa wani adadi da ya danganta da jiha. Ku dai lura kada albashin ya taru a banki ya haura 2,000. Ku tura rarar cikin asusun ABLE kafin wata ya ƙare.

Kwatanta wannan da kyauta. In kawunsa ya ba shi dala 300 a hannu, 20 kawai ake yafewa, a cire 280 cif daga tallafin watan. Da kawun ya saya masa waya ko riga da kuɗin, ko ya biya masa kuɗin intanet kai tsaye ga kamfani, da ba a cire komai ba. Waɗannan lambobi na 20 da 65 su ma tun farkon shirin suke, ba a taɓa su ba.

Akwai wata ƙa'ida da za ta shafe ku tun watan farko. In yana zaune a gidanku kyauta, ana ɗaukar matsugunin a matsayin taimakon da yake samu, a rage masa kusan kashi ɗaya cikin uku, wajen dala 322 a 2025. A da har abincin da ake ba shi ana ƙirgawa, sai a ƙarshen Satumban 2024 aka cire abinci daga lissafin. Mafita ita ce ya riƙa biyan kasonsa na haya da wuta da ruwa daga tallafinsa, a rubuce, da shaidar biya. Na san uwa za ta ji nauyin karɓar haya a hannun ɗanta. Ki ɗauke shi a matsayin takarda da doka ke so, kuma ba abin da ya hana ki zuba masa kwatankwacin kuɗin a ABLE daga aljihunki.

Maganar aure tana nan tafe ko ba yanzu ba, kuma ita ce ta fi ci mini rai a duk dokokin nan. Mutum biyu masu karɓar SSI, kowa da 967 ɗinsa bisa adadin 2025, jimilla 1,934. Ranar da suka yi aure sai a mayar da su 1,450, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, iyakar ajiyarsu kuma ta sauko daga 4,000 zuwa 3,000. In ya auri mai aiki, albashinta ya shiga lissafinsa kamar yadda naku ya shiga yana yaro, yana iya rasa tallafin da Medicaid tare. Ko ba a yi rajistar auren a hukumance ba, in suna zaune tare suna gabatar da kansu a matsayin miji da mata, ana iya ƙirga su ma'aurata. Mutane nawa ne suke son juna, shekara da shekaru, amma sun kasa ɗaura aure don tsoron rasa mai zuwa ya ɗaga su daga gado da safe? Doka ba ta ce kada su yi aure ba, ta dai sa musu farashin da ba za su iya biya ba.

Wani abu kuma da za ki ajiye a ranki don gaba: tunda lalurarsa ta fara kafin shekara 22, ranar da ke ko mahaifinsa kuka fara karɓar fanshon Social Security, ko lalura ta sa ɗayanku ya fara karɓar SSDI, zai iya samun har rabin adadin naku a kan tarihin aikinku, in kuma rasuwa ce har kashi 75 cikin 100. Bayan wata 24 yana karɓa sai Medicare, inshorar lafiyar gwamnatin tarayya ta tsofaffi da masu naƙasa, ta biyo. Wannan tallafi ba ruwansa da iyakar 2,000, amma aure yakan yanke shi sai in wadda ya aura ita ma tana karɓar irinsa ko wani tallafin Social Security kamar SSDI, kuma aiki mai albashi sama da wancan adadi na wata (dala 1,620 a 2025) bayan ya wuce 22 yana iya ɓata masa cancanta. Don haka in aikinsa ya fara bunƙasa, ku nemi mai ba da shawara kan tallafi ya yi muku lissafi kafin ya karɓi ƙarin sa'o'i.

Ga masu karatu da 'ya'yansu ba 'yan ƙasa ba ne, dokar 1996 ta ƙuntata SSI sosai ga baƙi, katin zama kaɗai ba ya isa a mafi yawan lokuta, 'yan gudun hijira kuma shekara 7 aka ba su.

Duk wani canji, na albashi ko adireshi ko kyauta ko wanda ya shigo gidan ko ya fita, a sanar kafin kwana 10 su wuce bayan ƙarshen watan da abin ya faru. Ki tanadi fayil guda, ki riƙa ajiye takardar albashi da ta banki, ki rubuta ranar da kika sanar da sunan wanda ya karɓa. In an ƙi shi a karon farko kada gwiwarki ta yi sanyi, ana ƙin mutane da yawa da suke samu daga baya. Kina da kwana 60 ki ɗaukaka ƙara, kuma ɗaukaka ƙarar ta fi sake sabuwar nema, domin tana riƙe muku ranar farko da za a ƙirga bashin da yake bi. In wasiƙa ta zo cewa an biya shi fiye da haƙƙinsa, ya mayar da rarar, ana iya ƙalubalantar ta, ana kuma iya neman a yafe in ba laifinku ba ne kuma ba ku da halin biya.

Sai tafiya. In ya bar Amurka na kwana 30 a jere ko wata guda cur, SSI yana tsayawa, kuma ba zai dawo ba sai ya yi kwana 30 a jere da komowa. Ziyarar mako shida tana iya cinye masa tallafin wata biyu ko fiye, don haka ku ƙirga kwanakin kafin ku yanki tikiti. Ita kuma Hajiya, ki zaunar da ita ki nuna mata cewa ba ƙin kyautarta kuke yi ba, ku buɗe asusun ABLE tare, ta zuba da hannunta, yaron yana kallo.